Shafin Zurmi

Takardu biyu mai tantance ma'aikata ya jera a kan tebur, ya danne kowace da yatsa ɗaya kamar za su gudu. Ta dama shaidar kammala makarantar horon malamai ce, da sunan Lubabatu Dogo. Ta hagu takardar ɗaukar aiki, da sunan Lubabatu Armiya'u. Ya ɗaga kai ya dubi matar da ke zaune gabansa, wadda ta shekara ashirin da shida tana koyar da 'yan aji uku a Sakajiki, ya tambaye ta wace ce ita a cikin biyun.

"Duka ni ce, ranka ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa, Malama."

Ta yi masa bayani yadda ta iya. Ita 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Zurmi. Tana shekara shida kawunta Dogo ya ɗauko ta riƙo zuwa Ƙaura Namoda, kuma ranar da ya kai ta makaranta, hedimasta ya dubi wanda ke riƙe da hannunta ya rubuta sunansa, bai tambayi kowa ba. Da wannan suna ta yi karatu har ta gama. Kafin ta kama aiki ta mayar da sunan mahaifinta, aka buga sanarwar canjin suna a jarida, aka yanko aka sa a fayil ɗinta.

Mutumin ya buɗe fayil ɗin, ya juya mata shi ta gani da idonta. A shafi na uku babu komai sai tsatsar fil ɗin da ya taɓa riƙe wata 'yar takarda.

"Wace jarida ce?"

"Amon Gulbi."

Da gani ko sunan bai taɓa ji ba, kuma ba laifinsa ba ne, don lokacin da jaridar ta mutu da ƙyar in ya fara sa dogon wando. Ya ce kwamitinsu zai tashi daga Ƙaura ranar Litinin da azahar. In ta kawo jaridar, shi ke nan. In ba ta kawo ba, sunanta zai shiga jerin masu aiki da takardun wasu. Ta ce ko za ta je Gusau ta buga sabuwar sanarwa a jaridar yanzu? Ya girgiza kai. Dole kwanan watan ya riga ranar da aka ɗauke ta aiki.

Ba rasa aikin kaɗai ne ya hana ta cin tuwon dare ba, ko da yake shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga bazawarar da ke riƙe da tsohuwa a gida. Jerin sunayen ne. Ta san inda yake ƙarewa: jaridun nan na waya da ake rubutawa a Gusau, waɗanda kafin ka kai loma baki sun zaga Ƙaura sau uku. Yaran da ta koya wa baƙi da hannunta, wasunsu yanzu da gemu, da karatun da ta ba su za su karanta cewa Malama Lubabatu ɓarauniyar takarda ce.

Ita kanta ba ta taɓa ganin sanarwar ba. Watan da aka buga ta tana ɗaki tana wankan jegon Firdausi, 'yarta ta fari. Mijinta Hamisu, Allah ya jiƙansa, shi ya kai, shi ya karɓo yankin, shi ya miƙa a ofis. Ga shi yau babu Hamisu, babu yankin.

Ranar Laraba ta nufi bayan tashar jirgin ƙasa, inda ofishin Amon Gulbi yake a da. Jaridar na cikin waɗanda suka tsiro shekarar da aka yanke jihar, lokacin da duk mai injin buga katin biki ya wayi gari edita. Yawancinsu ba su ga damina biyu ba. Ita ta yi taurin rai, ta shekara tara tana fitowa kowace Alhamis da shafinta huɗu. Yanzu shagon ya koma wurin cajin waya, igiyoyi sun sauko daga bango kamar saiwar gamji. Mai shagon bai san komai ba, amma telan da ke maƙwabtaka da shi ya sani. Ya ce ta tafi Shinkafi ta nemi Malam Jatau, tsohon editan. Yana nan kasuwa yana sayar da tabarau.

Ba ta gaya wa mahaifiyarta, Inna Kulsumu, abin da ke tafe da ita ba. Tsohuwar ta sha isasshen tashin hankali shekara huɗu da suka wuce, sa'ad da ƙauyensu ya watse ta taho Ƙaura da adakarta a ka. Ta dai ce mata aiki ne zai kai ta Shinkafi. Inna ta ce Allah ya tsare hanya, ba ta ɗago daga tsinkar zogalen da take yi ba.

Alhamis ranar kasuwa ce, motoci na tafiya a jere, kowa na son ya ga ƙeyar wani a gabansa. Dawa ta yi tsawo a gefen titi, ta rufe duk abin da ke bayanta, kuma a wannan hanya ba kowa ke murnar tsawon dawa ba. A wasu kwanonin hanya hira takan mutu da kanta, sai motsin leɓe. Sai da suka wuce daidai Badarawa wata mata ta tuna da gyaɗar da ke cinyarta, ta miƙa wa na kusa da ita.

Malam Jatau ɗan tsamurmurin tsoho ne, da tabarau ɗaya a hanci, ɗaya a goshi, sauran a kan faifai. Wanda ya gaji da sayar wa mutane abin karantawa ya koma sayar musu da abin gani, kuma da alama wannan cinikin ya fi tafiya. Da ya ji sunan jaridarsa a bakin baƙuwa sai ya miƙe tsaye, har faifan ya kusa kifewa.

"Malama, sake faɗi in ji. Na kwana biyu ban ji wani ya kira ta ba."

Ta sake faɗa, ta kuma faɗi matsalarta. Bai ko bari ta kai aya ba ya bar wa maƙwabcinsa jiran kaya, ya ja ta zuwa gida.

"In munka buga shi, shina nan. Ko guda ban yar ba. Masu ƙosai sun yi zarya har sun gaji, na ce su nemi na gwamnati."

A ɗakinsa na zaure buhuna tara ke rataye a jikin azara, nesa da gara, kowane buhu shekara guda. Ya sauko da na biyu. Jaridun a ɗinke suke da zaren buhu, an cusa busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu. Uwargidansa ta kawo wa baƙuwa tabarma da kofin ruwa, ta koma ciki tana murmushin wadda ta san yau ba za a ci abincin rana da wuri ba.

Suka fara daga watan Yuli. Lubabatu na bin shafin baya da yatsa, shi kuwa yana tsayawa gaisawa da kowane labari kamar tsohon aboki. Ga makon da gulbi ya cinye gonakin Banga. Ga rigimar mahauta da sarkin kasuwa. Ya ce su a zamaninsu sai mutum ya hau keke ya je ya gani kafin ya rubuta, jaridun yanzu kuwa daga kan katifa ake haifarsu, kuma ko ƙosai ba sa naɗewa. Ita dai idonta na kan sanarwa. Wane ya ɓatar da takardar fili. Wance ta koma sunan miji. An tsinci jaki mai yankakken kunne.

Suka gama Yuli, suka gama Agusta, watan da ta haihu. Suka bi Satumba da Oktoba. Suka dawo baya har Mayu, suka sake bi ɗaya bayan ɗaya. Babu Lubabatu ko ta magani.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Wani mugun zato ya ɗarsu a ranta, wanda ta yi ta korarsa yana dawowa: ko Hamisu bai kai ba ne? To in bai kai ba, me fil ɗin nan ya riƙe har ya yi tsatsa? Ta ji kunyar zargin mamaci, ta ji tsoron Litinin, duka a lokaci guda. Hawaye ya taru mata, ta yi kamar ƙurar takarda ce.

Malam Jatau ya sauke tabaran goshi ya ɗora a kan na hanci, abin da yake yi in lamari ya ɗaure masa kai.

"Tsaya. Wai ke ɗiyar wane gari ce?"

"Ƙaura nike zaune tun ina yarinya."

"Ba inda kike kwana na tambaya ba. Ina anka yanke miki cibiya?"

"Ƙasar Zurmi."

Tsohon ya dafe kai da hannu biyu. Sa'an nan ya yi mata bayanin yadda suke aiki, abin da duk wanda ya taɓa saye a wurinsu ya sani, sai ita da ke ɗakin jego. Shafi uku na farko iri ɗaya ne ko'ina. Shafin baya kuwa kala uku suke bugawa: na Ƙaura, na Shinkafi, na Zurmi. In sun gama buga na Ƙaura sai su sauya shafin su buga na gaba, domin mutumin Shinkafi ba ruwansa da akuyar da ta ɓace a Zurmi. Sanarwar suna kuwa garin uban mutum suke kai ta, don can ne ake da waɗanda zancen ya shafa.

"To ɗauko na Zurmin, Malam."

Ya ce kwafin farko da ya faɗo daga inji yake ajiyewa, kuma kullum na Ƙaura ne ke fara faɗowa. Shekara tara yana tara jarida, bai taɓa kawo wa ransa cewa kashi ɗaya cikin uku na shafin baya kaɗai yake tarawa ba, sai yau.

Lubabatu ta fara laluben takalminta. Gara ma da bai faɗa ba. Ɗazu abin babu shi ne, yanzu kuwa akwai shi, amma a cikin garin da ko hanyarsa mutane ke shakkar bi, a hannun wanda ba ta sani ba, in ma bai riga ya naɗe tsire shekara ashirin da suka wuce ba.

"Kwafi nawa kuke kaiwa can?" ta tambaya, don dai kada ta tashi ba ta ce komai ba.

"Ashirin. Sha biyar su dawo. Mutanen Zurmi ga rediyo sunka fi..." Sai ya tsaya, baki buɗe. "Wane wata kinka ce?"

"Agusta."

Dariya ta kama shi, irin wadda ke haɗe da tari. Ya ce sau ɗaya tak a rayuwar Amon Gulbi jaridar Zurmi ta ƙare ƙarƙaf, kuma a waccan daminar ne. Shi har ya ɗauka Allah ya buɗe idon mutanen Zurmi, mako na gaba ya aika arba'in, talatin da takwas suka dawo masa. Da ya tuhumi dillalinsu, sai dillalin ya ce ai ba gari ne ya saya ba, mutum ɗaya ne. Shi dillalin yana cikin karanta sanarwa da ƙarfi a bakin kasuwa, yadda ya saba don jawo masu saye, sai wani baƙauye ya ajiye kayansa ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ce a ba shi duka.

"Ko baƙin boko guda bai sani ba, in ji dillalin. Wani mai tukar igiyar rama."

Takalmin ya suɓuce daga hannunta.

Mahaifinta Armiya'u da tukar igiya ya rayu, da ita ya mutu shekara shida da suka wuce. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka bisa al'adar gidansu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, in ta gaishe shi bango yake amsa wa. Ranar da ta gama makaranta yana can bayan taro aka kira Lubabatu Dogo, ta hango shi ya sunkuyar da kai. Saboda wannan sunkuyon ta canza suna. Da ta je gida bayan arba'in ɗin haihuwar Firdausi ta gaya masa, yana tuka igiya a cinya, abin da ya ce kawai shi ne, "To." Shekara ashirin da shida tana ɗauke da wannan "to" ɗin, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa yadda ya yi mata ciwo ba.

Ba ta san yadda ta yi sallama da Malam Jatau ba. Ta dai tuna ya biyo ta har tasha yana cewa in ta samu ta taimaka ta kawo ya gani, ko sau ɗaya, don shi ma bai da shi.

Da la'asar sakaliya ta shiga gida. Inna Kulsumu na tsakar gida tana tankaɗe.

"Inna, Baba ya taɓa sayen jarida?"

Rariyar ta tsaya. Tsohuwar ta dubi ƙofa, kamar mai gidan zai shigo ya kama ta tana tona shi.

"Wa ya gaya miki?"

"Tana ina?"

"Ina kuwa za ta, in ba cikin adaka ba? Ke kanki kin yi mini faɗa ranar da munka taho, wai na bar tukwane na ɗauko ƙarfe."

Suka jawo adakar daga ƙarƙashin gado. A sama zannuwan Inna ne, sai rigar sallar marigayi, sai can ƙasa wani ƙunshi a cikin ledar buhun taki, an ɗaure shi da igiyar rama tukin hannunsa. Lubabatu ta kwance shi. Jaridu ne, sun yi ja kamar ɓawon albasa. Tara suka rage, in ji Inna, sauran ruwa ya ci shekarar da ɗaki ya yi yoyo.

Ta juya ta farko zuwa shafin baya. A sama an rubuta Zurmi da Kewaye. Ga sanarwar a kusurwar ƙasa: ni da aka sani da Lubabatu Dogo, daga yau sunana... sai rami. Takardar ta huje daidai wurin, hujin da gefensa ya yi baƙi ya yi laushi. Bayan ramin, Armiya'u na nan daram.

Ta ɗauki ta biyu: rami. Ta uku: rami, wuri ɗaya, girma ɗaya.

"Ɓera ne, Inna?"

"Wane irin ɓera? Yatsanshi ne." Inna ta zauna a bakin gado. "Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya rufe ƙofa ya ɗauko. Mai jaridar ya nuna mishi wurin tun ran farko. Shina ɗora yatsa shina shafawa, har ta huje, ya ɗauki wata."

"Amma ai sunanshi bai taɓu ba."

"Shi mi zai yi da nashi? Ya san nashi. Cewa ya yi a nuna mishi inda naki yake, wanda ke jingine da nashi."

Ita ma Inna ba ta faɗi sunan ba. Ba ta taɓa faɗa ba.

Lubabatu ta ci gaba da ɗagawa, yanzu ba ta gani sosai. Ta huɗu da ta biyar da ta shida duk sun huje. Ta bakwai ba ta huje ba, amma tawadar ta koɗe, sunan ya zama inuwa, nan ajali ya tarar da aikin. Ta takwas ta fito fes, kowane baƙi a tsaye, da kwanan wata a sama: Alhamis, cikin Agusta, wata uku kafin ranar da aka ɗauke ta aiki. Ta tara ma haka.

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta saki wata ajiyar zuciya da ta yi kwana uku tana neman hanyar fita. Sa'an nan ta gaya wa Inna komai, tun daga teburin mai tantancewa. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki jarida ta takwas ta juya ta gaba da baya.

"To ki gode Allah da bai kai ga na ƙasan ba. Da ya ƙara shekara biyar, da ya cinye miki aiki da yatsa."

Suka yi dariya, su biyu, har dariyar ta juye ta zama wani abu, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya tana gyara ɗankwali.

Ranar Litinin da hantsi ta tarar da mai tantancewa yana karyawa. Ƙosansa na naɗe a cikin jaridar makon jiya, mai ya ratsa fuskar wani babban mutum da ke yanka kirtani. Ya goge yatsu, ya karɓi Amon Gulbi, ya duba suna, ya duba kwanan wata. Abin da ya ci mata kwana shida bai ci masa minti guda ba. Ya buga hatimi, ya ce ainihin jaridar za ta zauna a fayil, ya soke ta da sabon fil a shafi na uku, daidai kan tsohuwar tsatsa.

"Allah ya taimake ki, Malama. Mutanenmu ba su iya ajiya ba."

"Wasu sun iya," in ji ta.

Ta fito ta zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiyar sakatariya, ƙafafunta sun yi sakayau kamar ta sauke tulu. Gobe akwai aji, kuma ta bar yara a tsakiyar jadawalin bakwai. Kwafi na tara ta riga ta sa shi a ambulan, direban motar Alhamis zai kai wa Malam Jatau ya ɗinka a buhunsa.

Ta buɗe jaka ta ciro ɗaya daga cikin hujajjun, wadda ba wani kwamiti da zai karɓa. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta bi layin a hankali yadda take koya wa 'yan aji uku, har ta iso wurin, ta ɗora yatsa. Ramin ya fi yatsanta faɗi.